Ketamin da Ciwon Damuwa: Abin da Zariya Ke da Shi da Abin da Ta Rasa

Ketamin ba baƙo ba ne a Zariya. Ma'aikatan ɗakin tiyata na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika sun san shi, haka ma ɗaliban likitancin dabbobi a Samaru, domin da shi ake kwantar da kare ko kyanwa kafin a yi musu aiki. Calvin Stevens ne ya haɗa shi a Amurka a 1962, aka amince da shi a 1970. Asibitocinmu sun riƙe shi saboda araharsa, kuma ba ya danne numfashi kamar sauran alluran barci.

A shekarar 2000 masu bincike a Jami'ar Yale suka gano cewa ɗan kaɗan daga cikinsa na sassauta ciwon damuwa cikin 'yan sa'o'i, alhali ƙwayoyin da aka saba bayarwa sai sun yi makonni kafin a ga alamarsu. A 2006 Carlos Zarate da abokan aikinsa suka ga haka a jikin waɗanda sauran magunguna suka gaza musu. Ana ba da rabin miligiram kan kowane kilo na nauyin mutum, ta ƙarin ruwa, cikin minti 40. A 2019 Amurka ta amince da Spravato, nau'insa da ake fesawa a hanci, bisa sharaɗin a tsare majinyaci awa biyu a gaban ma'aikatan lafiya.

Sai dai sauƙin ba ya daɗewa. Bayan allura ɗaya, yawanci cikin mako guda ko biyu ciwon ke dawowa. Wannan ne ya sa ake haɗa shi da zaman tattaunawa: a shirya majinyaci kafin allura, a zauna kusa da shi yayin da take aiki, a sake zama bayan kwana ɗaya ko biyu a warware abin da ya gani. Hujjar amfanin wannan haɗi ba ta yi ƙarfi ba tukuna, musamman ga masu fama da firgicin abin da ya taɓa samunsu. A 2023 ma, a Jami'ar Stanford, an ba marasa lafiya ketamin suna cikin barcin tiyata, sai ya zamana bai fi allurar ruwan gishiri ba. Ke nan abin da mutum ya sa rai, da wanda ke zaune gefensa, suna da babban kaso a cikin warakar.

A nan gizo ke saƙar. Mai ciwon damuwa a Sabon Gari ba kasafai yake cewa yana da damuwa ba. Cewa yake kansa na zafi, wani abu na yawo a jikinsa, barci ya ƙaurace masa. Zai fara da kyamis, a ce taifot ne, a yi allura. In abin ya ƙi, a nufi malam domin ruƙiyya. To, a ɗaura wa wannan mutum ketamin: ya ji kamar ya fita daga jikinsa, bango na miƙewa, muryar nas na zuwa daga nesa. Me zai kira wannan in ba shafar aljanu ba? Idan mai kula da shi ba ya jin Hausa sosai, ko yana raina abin da majinyacin ya yi imani da shi, tsoro za a ƙara masa. Matar da ta kwashe watanni a hannun masu garkuwa da mutane kuwa, ba a gaban kowa za ta buɗe baki ba. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, ga mutane fiye da miliyan 200. Allurar muna da ita. Masu zama su saurara ne suka yi ƙaranci.

Akwai kuma kasuwa. Ba mu manta da yadda kodin ya bazu ba har gwamnati ta hana shi a 2018. Ketamin na ɗaga hawan jini, yawan amfani da shi na lalata mafitsara, kuma yana kama mutum. A 2015 ƙasar Sin ta nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsananta dokarsa, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyi baya ba, don kada ƙananan asibitoci su rasa abin tiyata. Ranar da ya zama abin maye a unguwanni har aka tsananta dokarsa, mai haihuwa ta tiyata a karkara ce za ta fara ɗanɗana kuɗarta.

Don haka ina ganin a Shika ya kamata a gwada shi, a matsayin bincike, da haɗin gwiwar sashen ƙwaƙwalwa da likitocin allurar barci da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Barnawa, Kaduna. A fara da waɗanda magani biyu suka gaza musu, a auna jininsu, a shigo da dangi cikin jinyar kamar yadda likitan ƙwaƙwalwa Adeoye Lambo ya yi a ƙauyen Aro tun 1954, a kuma wallafa sakamakon har da na waɗanda bai yi wa amfani ba.