Yadda masana ke rarraba bairos masu cin bakteriya

Bakteriyofaj, ko faj a taƙaice, nau'in bairos ne da ba ya hayayyafa sai a cikin ƙwayar bakteriya. Masanin Birtaniya Frederick Twort ne ya fara ba da rahotonsa a 1915, sannan Félix d'Hérelle na Cibiyar Pasteur da ke birnin Paris ya gano shi a nasa binciken a 1917, ya raɗa masa sunan da ke nufin "mai cin bakteriya". Masana na ƙiyasta cewa babu wata halitta a doron ƙasa da ta kai faj yawa, shi ya sa tsara su dangi-dangi ya zama jan aiki.

Ma'aunin siffa

Tun da aka fara ɗaukar hotonsu da madubin elektiron a Jamus a 1940, siffa ce ta zama ma'auni. A 1967 David Bradley ya kasa su gida 6. Kimanin kashi 96 cikin 100 na waɗanda aka duba suna da kai mai ɗauke da sinadarin gado na DNA, da wutsiyar da suke cusa shi cikin bakteriya da ita.

Kwamitin ƙasa da ƙasa mai rarraba bairos, wato ICTV, wanda aka kafa a 1966, ya raba masu wutsiya zuwa dangi 3. Akwai Myoviridae masu wutsiyar da ke tsukewa, kamar T4. Da Siphoviridae masu doguwar wutsiya mai lanƙwasa, kamar lambda. Sai Podoviridae masu gajeriyar wutsiya, kamar T7.

Ma'aunin gado

Kama da wane ba ta wane. A 1977 Frederick Sanger ya karanta cikakken jerin DNA na faj mai suna phiX174, kuma da irin waɗannan bayanai suka yawaita sai ta bayyana cewa faj biyu na iya yin siffa ɗaya alhali gadonsu ya yi nisa da juna. Haka kuma suna musayar sassan gado a tsakaninsu, sannan babu ƙwayar gado guda da dukkansu suka yi tarayya a kanta.

A 2022 ICTV ya soke dangogin nan uku, ya tattara masu wutsiya a babban rukunin Caudoviricetes. Bisa ƙa'idar yanzu, faj biyu jinsi ɗaya ne idan jerin DNA ɗinsu ya yi daidai da aƙalla kashi 95 cikin 100, kuma zuriya ɗaya ne idan ya kai kimanin kashi 70. A matakin dangi kuwa, ana kwatanta sinadaran furotin da suka yi tarayya a kansu. Ta haka T4 ya koma dangin Straboviridae. Tsoffin sunayen siffa na nan, amma don bayyana kamanni kawai.

Amfaninsa ga lafiya

Yayin da bakteriya ke ƙara bijire wa magunguna, likitoci na sake waiwayar jinya da faj, wadda Cibiyar Eliava ta birnin Tbilisi a Jojiya ke yi tun bayan kafa ta a 1923. Sai dai ba kowane faj ne ya dace da magani ba. Wasu na fasa bakteriya nan take, wasu kuwa na saƙa gadonsu cikin nata su kwanta, har su ba ta ikon yin dafi. Dafin kwalara da na mashaƙo, cututtukan da suka yi ɓarna a Najeriya, duk faj ne ke kai wa bakteriyar ƙwayar gadon yin su. Madubi ba ya nuna wannan bambanci, saboda haka ake karanta gadon kowane faj kafin a ba majinyaci.