Ƙarafa Uku a Bayan Mota: Tarihin Wurin da Ake Ɗaura Igiya Idan Mota Ta Kafe

A watan Yulin 2022, a jihar Arizona ta Amurka, wata babbar a-kori-kura ƙirar Ford ta kafe a cikin taɓo. Aka kira wata motar ta zo ceto, aka rataya igiya a kan ƙwallon ƙarfen da ake jan tirela da shi, sannan aka fizga. Ƙarfen da ke riƙe da ƙwallon ya karye, igiyar ta cilla shi baya, ya fasa gilashin gaban motar da ta kafe, ya kashe direbanta. Motocin biyu lafiyarsu ƙalau, kuma ƙarfen da ya karye an saba jan kaya masu nauyi da irinsa. Laifinsa ɗaya: an sa shi aikin da ba don shi aka ƙera shi ba.

Duk wanda ya duba bayan irin waɗannan motoci zai ga ɗaya daga cikin ƙarafa uku: ƙwallo, ko ƙugiya mai murfi, ko wani lanƙwasasshen ƙarfe mai siffar kofaton doki da ake kira shakul. A ido, dukkansu wurin ɗaura igiya ne. A tarihi kuwa ba gidansu ɗaya ba. Ɗaya daga teku ya fito, ɗaya daga fagen yaƙi, ɗaya daga kwalta. Wanda ya san inda kowanne ya fito ya gama rabin aikin zaɓe.

Na teku

Shakul shi ne babbansu a shekaru. Har zuwa farkon ƙarni na 19, da igiyar rama ake ɗaure ankar manyan jiragen ruwa, igiyar da ke ruɓewa a ruwa, duwatsun ƙarƙashin teku kuma su cinye ta. Wani jami'in rundunar ruwan Birtaniya mai suna Samuel Brown yana cikin waɗanda suka dage a koma ga sarƙar ƙarfe, kuma kamfaninsa, Brown Lenox, da ke garin Pontypridd a yankin Wales, ya shafe kusan ƙarni guda yana ƙera wa rundunar sarƙoƙi. Ba a iya ƙera sarƙar anka a tsawo ɗaya, don haka ake yin ta gunduwa-gunduwa, a haɗa kowace gunduwa da ta gabanta da shakul. Har yau matuƙan jirgi da sunan wannan ƙarfe suke ƙirga tsawon sarƙar da suka saki: shakul ɗaya kimanin mita 27 ne.

Gadon da teku ta bar wa wannan ƙarfe ya wuce siffarsa. Sarƙa ɗaya da ta tsinke cikin guguwa tana iya halaka jirgi da mutanensa, saboda haka a 1864 majalisar Birtaniya ta yi doka kan gwajin sarƙoƙi da ankoki. Ana ja da ƙarfe a injin gwaji, a buga masa hatimi, sannan a yarda da shi. Daga jirgin ruwa wannan al'ada ta bi shakul zuwa masana'antu da injinan ɗaga kaya. Shi ya sa shakul na ƙwarai yake zuwa da rubutu a jikinsa: alamar maƙerinsa, girmansa, da iyakar nauyin aikinsa. Wanda kaurinsa ya kai kashi uku cikin huɗu na inci, wanda aka fi gani a motocin daji, yawanci tan 4.75 ne a rubuce a jikinsa. Ƙa'idar masana'antu a Amurka ta tanadi cewa kada ya karye sai nauyin ya kai aƙalla ninki biyar na abin da aka rubuta.

Na fagen yaƙi

Ƙugiya mai murfi daga wajen masu igwa ta zo. Tun zamanin da dawaki ke jan igwa, ana sa zoben ƙarfe a jelar keken igwar, a rataya shi a ƙugiyar keken da ke gaba. Haɗin yana da sako-sako da gangan, domin kowane keke ya iya karkata yadda ƙasa ta so ba tare da wani abu ya karye ba. Da injin ya maye gurbin doki, sojoji ba su sauya tsarin ba. Ƙananan motocin jif da kamfanonin Willys da Ford suka ƙera a Yaƙin Duniya na Biyu, fiye da 600,000, da irin wannan ƙugiya a bayansu suka ja tireloli da ƙananan igwogi, kuma a jikin shasi aka ɗaure ta, tare da ƙarafan da ke tallafe ta.

Bayan yaƙin ne babbar a-kori-kura mai jan ƙafa huɗu ta shiga hannun farar hula. A 1946 kamfanin Dodge ya fitar da Power Wagon, wadda aka gina a kan tsarin motocinsa na soja, manoma da masu haƙar mai da masu aikin gandun daji suka rungume ta. A wancan lokaci, ceton motar da ta kafe aiki ne na sannu a hankali: sarƙa ko wayar ƙarfe, da winci, wato na'urar da ke naɗe igiya tana jan mota taku bayan taku. Nauyin yana hawa a hankali, mutum yana gani, yana kuma iya tsayawa.

Na kwalta

Ƙwallo shi ne autansu, kuma bai san daji ba. Franz Knöbel, na kamfanin Westfalia a Jamus, shi ya ƙirƙiro shi a farkon shekarun 1930, ya samu rajistar fasahar a 1934. Matsalar da ya warware ta ƙananan motoci ce masu jan tirela a kan titi: ana son haɗi maras ƙara da girgiza, wanda ke juyawa kamar gaɓar kafaɗa. Daga baya Turai ta tsaya a kan ƙwallo mai faɗin milimita 50, Amurka kuma ta fi amfani da na inci 2 da wasu girma biyu kusa da shi.

A Amurka aka ƙara wani abu da ya zama ruwan dare a yau: bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu da ake ɗaurewa a shasi, kamar kube. A cikinsa ake zura sandar da ke ɗauke da ƙwallo, a soke ta da sakatar ƙarfe. Amfanin kuben shi ne ana iya zare abin da ke ciki a sauya da wani. Matsakaitan motoci kubensu inci 2 ne, manya kuma inci 2.5, wasu ma inci 3. Da motoci suka yi ta ƙara tsawo, sai aka fito da sanda mai saukowa ƙasa, domin ƙwallon ya daidaita da tirela.

Lambar da ke jikin ƙwallo tana iya ruɗar mutum. Idan an rubuta tan 3.5, ana nufin nauyin tirelar da ke birgima a kan tayoyinta, kuma ƙarfin da ake buƙata a ja irin wannan tirela a kan kwalta bai kai ko kusa da nauyinta ba. Motar da taɓo ya riƙe har gindinta ba birgima take yi ba.

Igiyar da ta sauya lissafi

Abin da ya haɗa waɗannan ƙarafa uku a cikin haɗari ɗaya shi ne nailan. Wallace Carothers da abokan aikinsa a kamfanin DuPont suka samar da shi a 1935. Halinsa shi ne miƙewa: igiyar ceto ta nailan tana iya ƙara kashi 20 cikin ɗari na tsawonta, wasu har kashi 30, sannan ta koma yadda take. Wannan ya haifar da sabuwar dabara. Maimakon ja a hankali, motar ceto takan ɗan taso da gudu, igiyar ta miƙe ta tara ƙarfin, sannan ta fizgo wadda ta kafe. Dabarar tana aiki sosai a yashi da taɓo, ba ta kuma buƙatar winci. Sai dai daga wannan lokaci duk abin da aka ɗaura a bakin igiya ya zama dutse a cikin majajjawa.

Lissafin ba shi da wuya. A ɗauka mota mai nauyin tan 4 ta taso da gudun kilomita 15 a awa, wadda ta kafe kuma ba ta motsa ba. Idan igiyar ta miƙe mita 2 kafin ta tsayar da motar, ƙarfin da zai hau kan maɗaurin zai kai kimanin tan 3.5. Idan kuwa sarƙa ce ko igiya maras miƙewa, wadda duk abin da za ta bayar bai wuce santimita 20 ba, ƙarfin zai kai kimanin tan 35. Mota ɗaya, gudu ɗaya, amma ninki goma. Idan aka ninka gudun sau biyu, makamashin da igiyar za ta haɗiye yana ninka sau huɗu. Shi kuma ƙwallo a kan siririn wuya yake zaune, igiyar tana jan sa daga gefe, kuma idan sandarsa mai saukowa ce, tsawonta yana ƙara wa fizgar ƙarfin lanƙwasawa, kamar yadda doguwar sanda ke sauƙaƙa ɓamɓare dutse.

Ostareliya, ƙasar da motocin daji suka yi yawa, ta koyi wannan darasi da rayukan mutane. Tun 2010 take da dokar tilas kan igiyoyin ceto, aka sabunta ta a 2017. Dokar ta wajabta a rubuta ƙarfin igiya a jikinta, a kuma gargaɗi mai saye cewa ƙwallon tirela da zoben da ake ɗaure mota da shi a lokacin jigila ba wurin ɗaura ta ba ne. Shawarar da ke tafe da igiyar ita ce ƙarfin tsinkewarta ya kasance ninki biyu zuwa uku na cikakken nauyin mota, kuma ta dace da wadda ta fi sauƙi a cikin motocin biyu. Igiyar da ta yi wa mota ƙarfi da yawa ba za ta miƙe ba, sai ta zama tamkar sarƙa.

Abin da ya rage ga mai zaɓe

Mafitar da masu ƙera kaya suka samo haɗin tarihi biyu ce: a zare ƙwallo daga kube, a zura gajeren dunƙulen ƙarfe mai rami, a sa shakul a ramin. Ta haka ƙarfin fizga yana bi a miƙe, daga igiya zuwa sakata, daga sakata zuwa shasi. Ga babbar a-kori-kura, wadda wasu nau'o'inta kan wuce tan 6 idan an yi musu cikakken lodi, abubuwa kaɗan ne ke raba zaɓi mai kyau da maras kyau.

Dunƙulen ya zama cikakken ƙarfe, ba bututu mai rami a ciki ba, kuma ya cika kuben. Sa na inci 2 a kuben inci 2.5 da taimakon ciko yana barin sarari, sakata ta riƙa shan duka. Sakatar kanta, mai kaurin kimanin milimita 16 a yawancin motoci, ta zama mai ƙarfin da aka tabbatar, ba ƙusar da aka tsinta ba. Kada kuma a zura igiya a cikin kube a soke ta da sakata kai tsaye, domin nauyin zai taru a tsakiyarta ya lanƙwasa ta.

A kula da bambancin lambobi biyu. Shakul na ƙarfe iyakar nauyin aikinsa ake rubutawa, igiya kuwa ƙarfin tsinkewarta. Shakul mai tan 4.75 ya fi igiya mai tan 11 ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma haka ake so: idan dole wani abu ya tsinke, gara igiya da ƙarfe. Ja daga gefe kuma yana rage ƙarfin shakul, da kashi 30 cikin ɗari a kusurwar digiri 45, da rabi a digiri 90.

Teku ta sake ba da gudummawa a baya-bayan nan. Masu jiragen filafilai ne suka yaɗa shakul na zare, wanda ake saƙawa da Dyneema, zaren da kamfanin DSM na ƙasar Holan ya fara samarwa don kasuwa a 1990. Yana rage nauyin ƙarfen da zai iya tashi sama idan wani abu ya ɓaci. Rauninsa kaifi da zafi, don haka sai a ramin da aka goge bakinsa ya yi sumul ake sa shi. Ƙugiya mai murfi kuwa don zobe aka yi ta, kuma wadda aka ɗora a kan sandar kube, musamman mai haɗe da ƙwallo, ba ta da tushen da ta soja take da shi a jikin shasi.

Na ƙarshe, kuben ma yana da iyaka. Don jan tirela aka auna shi, kuma littafin motar ne ke faɗin wuraren da maƙerinta ya yarda a ɗaura igiyar ceto. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Motocin Hilux da Land Cruiser da ke ratsa yashi daga Agadas zuwa Dirku, da waɗanda ke kai ma'aikatan lafiya da injiniyoyi ƙauyuka da damina, kafewa abincinsu ne, kuma ba abin mamaki ba ne a ga maɗaurin da aka yi wa walda a bakin hanya, ba hatimi, ba lamba. Idan kana da motar aiki a ƙarƙashin kulawarka, kafin damina ta kankama ka tsuguna a bayanta ka duba abin da ke rubuce a jikin ƙarfen. Idan babu rubutu, babu wanda ya taɓa gwada shi, kuma ranar da aka fizge shi a cikin taɓo ita ce ranar gwajinsa na farko, alhali direba yana zaune daidai inda zai faɗa.