2.3 Tarihin Ciwon Idon Afolo da Tantance Ƙwayoyin da ke Haddasa Shi

A garin Kaduna, daga Kawo zuwa Unguwar Rimi, duk jan ido mai yaɗuwa tsakanin jama'a sunansa Afolo. Sunan ya samo asali ne a shekarar 1969, lokacin da annobar ciwon ido ta ɓarke a Gana, ta shigo Nijeriya, daidai da saukar kumbon Afolo 11 a duniyar wata. A farkon shekarun 1970 masanan Japan suka gano cewa ƙwayar entarobairas 70 ce ta haddasa ta.

Sai dai wannan suna ya lulluɓe wata ƙwayar daban, wato adinobairas, wadda Wallace Rowe da abokan aikinsa suka gano a Amurka a 1953 cikin tsokar bayan hanci. A 1955 aka danganta nau'inta na 8 da ciwon ido mai tsanani. Da farko da ruwan jini ake rarrabe nau'o'inta, har aka kai 51.

Sauyi ya zo bayan 1970, da aka samu sinadaran da ke yanka zaren DNA a wurare sanannu. Idan aka jera gunduwoyin gwargwadon tsawonsu, ƙwayoyin da suke 'yan'uwa sukan ba da tsari mai kama da juna. Göran Wadell na Suwidin yana cikin waɗanda suka yi amfani da wannan dabara a shekarun 1980. Tun daga nau'i na 52 a 2007, karanta jerin DNA ya zama ma'aunin rarrabewa. A yau an san nau'i fiye da 100 cikin rukuni bakwai, A zuwa G, kuma 8 da 37 masu kama ido duk 'yan rukunin D ne.

Wannan bambanci yana da muhimmanci ga asibiti irin Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa da ke hanyar Mando, wadda dokar soja ta 1979 ta kafa. Ciwon entarobairas yakan lafa cikin mako ɗaya ko biyu, amma na adinobairas kan bar tabo a baƙin ido na watanni, kuma yana bin hannu da kayan awon ido daga majinyaci zuwa wani. Maganin kashe bakteriya ba ya kashe ko ɗaya daga cikinsu, fitsari da ruwan batir da wasu ke ɗigawa kuwa suna iya makantarwa. Bisa ga haka, sanin nau'in ƙwayar shi ke nuna wa likita ko ɓarkewar daga gari ta shigo, ko kuwa a cikin ɗakin awo take yawo.