Courrières, 1906: tarihin da ke kwance cikin kalma guda

Duk malamin Faransanci ya taɓa koya wa ɗalibansa kalmar «rescapé», wato wanda ya tsira daga halaka. Kaɗan daga cikinmu ne suka san cewa daga ramin gawayin ƙasa ta fito. Kalma ce ta bakin mahaƙan arewacin Faransa, kuma jaridu ne suka ɗauke ta suka baza a shekarar 1906, bayan masifar Courrières.

Ranar 10 ga Maris 1906, da misalin ƙarfe shida da rabi na safe, wuta ta fashe a ƙarƙashin ƙasa a yankin Pas-de-Calais. Cikin ɗan lokaci ta ratsa hanyoyin rami masu tsawon kilomita 110, a ƙarƙashin garuruwan Méricourt da Sallaumines da Billy-Montigny. Mutum 1099 suka rasu, da yawansu samari ne ƙanana. Har yau Turai ba ta ga haɗarin ma'adinai da ya kai wannan ba.

Abin da ya sa wutar ta yi wannan gudu shi ne ƙurar gawayi. Idan fashewa ta auku, iskarta takan tayar da ƙurar da ta kwanta a bango da ƙasa. Ƙurar ta kama wuta, ta tayar da ta gabanta, haka har ƙarshen hanya. Wanda wuta ba ta cim masa ba, iska mai guba ta shaƙe shi. Tun shekarun 1870 injiniya William Galloway ya yi gargaɗi a Birtaniya cewa ƙurar nan tana fashewa, amma masanan Faransa suka raina maganar. A Courrières mahaƙa da dama da fitila mai buɗaɗɗen harshe suke aiki. Bugu da ƙari, kwanaki kaɗan kafin masifar an ga gobara a rami na uku. Aka gina mata bango, aka ci gaba da saukar da mutane.

Masu ceto sun zo har daga Jamus, ɗauke da na'urorin numfashi. Duk da haka, bayan kwana uku injiniyoyi suka yanke cewa babu sauran mai rai, suka toshe wani sashe na ramin don kashe wutar. Ranar 30 ga Maris sai ga mutum 13 sun fito da ƙafafunsu, bayan kwana 20 cikin duhu, suna cin ɓawon itace da abincin dawaki da naman doki. Ranar 4 ga Afrilu aka sami na 14. Su ne «rescapés» na farko, kuma fitowarsu ta zama tuhuma: ashe akwai masu numfashi lokacin da aka toshe hanya. Matan da suka rasa mazajensu suka ce an fifita gawayi a kan rai.

Tun kafin wannan rana dubban mahaƙa sun shiga yajin aiki, har ministan cikin gida Georges Clemenceau ya tura musu sojoji. Amma gyara ya biyo baya. An hana fitila mai buɗaɗɗen harshe. A Liévin aka kafa cibiyar ceto da wurin gwaji, inda injiniya Jacques Taffanel ya nuna cewa garin dutse, idan aka watsa shi a hanya ko aka jera shi bisa katakai a sama, yana tare wutar ƙura. A wannan shekara ta 1906 ne kuma aka kafa dokar hutun mako da ma'aikatar ƙwadago.

Faransa ta rufe raminta na gawayi na ƙarshe a 2004, amma darasin bai tsufa ba. A Nuwamba 2021 ramin zinariya ya rufta a Ɗan Isa, cikin jihar Maraɗi, mutum aƙalla 18 suka rasu. Ramukan sun bambanta, tambayar ɗaya ce: wa ya ga alamar haɗari, kuma wa ya ce a ci gaba da sauka? Idan ɗalibi ya tambaye mu ma'anar «rescapé», ya kamata mu ba shi labarin mutum 14, mu kuma faɗa masa adadin waɗanda ba su fito ba.