Ranar Fitar da Sunaye: Yadda Muke Yanke wa 'Yan Wasan Mena Hukunci Tun Ba Su Taɓa Ƙwallo Ba

A harkar tamaula ranaku biyu ne ke tayar wa mutane jijiyar wuya. Akwai ranar wasa, akwai kuma ranar da mai horarwa ya fitar da sunayen waɗanda ya zaɓa. Ni a ganina ta biyun ta fi zafi. Ranar wasa ko ba komai akwai ci, kowa ya gani da idonsa, gardama ta ƙare. Ranar sunaye kuwa ba alƙalin wasa, ba usur. A kowace fada a nan Gangara, da Gazawa, da Tasawa, shayi na kan wuta, waya na hannu, kowa ya zama mai horarwa: me ya sa aka ɗauki wane, ina aka baro wane, wannan ɗan gidan wa ne? Hujjarmu kullum ɗaya ce, wai Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ina so mu bi tarihin Mena na 'yan shekarun nan mu ga sau nawa Larabar tamu ta faɗi gaskiya, domin 'ya'yanmu da ɗalibanmu suna zaune a gefen tabarma suna jin hukuncin da muke yankewa.

Mu da muka tashi a shekarun 1980 da 1990, da kunne muka san 'yan wasa. Muryar Sahel ce ke karanto sunaye daga Yamai, sai tashoshin Nijeriya da ke shigo mana ta Katsina da Kaduna, sai sashen Hausa na BBC. Mutum zai shekara goma yana son ɗan wasa bai taɓa ganin fuskarsa ba. A wancan lokaci ba a cika musu da zaɓen mai horarwa ba, don ba mu da abin da za mu auna shi da shi. Abin da ya sauya lamarin shi ne zuwan tauraron ɗan'adam da gidajen kallo masu janareto. Tun daga nan yaro a ƙauyenmu yana iya lissafa maka 'yan wasan Barcelona ko Chelsea har da na benci, amma ka tambaye shi wa ke tsaron gidan Ɗan Kasawa ko Jangorzo ta Maraɗi, sai ya yi ta sosa ƙeya. Ma'auni ya koma Turai. Duk sunan da aka karanto a jerin Mena, tambayar farko ita ce: a wace ƙasa yake wasa?

Da wannan ma'auni aka tarbi Harouna Doula Gabde lokacin da aka ba shi ragamar Mena a 2009. Ɗan ƙasa ne, kuma akasarin yaran da ya tara 'yan gida ne, daga ƙungiyoyi irin su AS FAN ta sojoji, da AS GNN, da Sahel SC, sai kaɗan da ke wasa a wasu ƙasashen Afirka, kamar mai tsaron gida Kassaly Daouda da ke Coton Sport ta Kamaru. Na Turai ba su da yawa, fitaccensu shi ne Moussa Maazou. Da aka fitar da rukunin neman shiga gasar kofin Afirka ta 2012, Nijar ta faɗa tare da Masar, da Afirka ta Kudu, da Saliyo. Masar ta ɗauki kofin sau uku a jere, 2006 da 2008 da 2010. Afirka ta Kudu kuma ba ta daɗe da karɓar baƙuncin gasar kofin duniya ba. Babu wanda ya ba mu ko sisi, har mu kanmu. Wasan farko ma aka doke mu da ci 2 da nema a Afirka ta Kudu, masu maganar Laraba suka ce ai dama sun faɗa.

Sai ga Oktoba ta 2010. A filin wasa na Janar Seyni Kountché, Maazou ya jefa ƙwallo ɗaya mai ban haushi a ragar Masar. A Maris na 2011 aka ci Saliyo 3 da 1, a Satumba aka ci Afirka ta Kudu 2 da 1, duk a Yamai. Wasanni uku na gida an cinye, uku na waje an sha kashi. A ranar ƙarshe, 8 ga Oktoba 2011, Masar ta ɗura mana 3 da nema a Alƙahira, Afirka ta Kudu kuma ta yi canjaras da Saliyo ba ci. 'Yan wasanta suka shiga tiƙar rawa a fili, a zatonsu yawan ƙwallaye ne zai raba gardama. Ashe doka ta ce idan maki ya zo ɗaya, sakamakon wasannin da ƙasashen suka yi a tsakaninsu ake dubawa. Ƙasashe uku kowace na da maki 9, a lissafin tsakaninsu kuwa Nijar na da 6, sauran biyun 5 kowace. Haka ta leƙo ta koma ga Afirka ta Kudu, Mena ta shiga gasar kofin Afirka karon farko a tarihinta. Nakan ba ɗalibaina wannan labari duk lokacin da suka fara amsa jarrabawa ba su karanta umarnin da ke saman takarda ba.

A shekarar 2011 ɗin dai, yaran gida zalla sun je Sudan gasar CHAN, wadda aka keɓe wa masu wasa a ƙasashensu, bayan sun fitar da Nijeriya a wasannin share fage, suka kai zagayen ƙasashe takwas na ƙarshe. A Disamba hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka ta ba Doula kambun gwarzon mai horarwa na shekara.

To, abin da ya biyo baya shi ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Ana shirin tafiya Gabon aka kawo Bafaranshe Rolland Courbis a matsayin mai ba da shawara. Wasan farko Gabon mai masaukin baƙi ta ci mu 2 da nema, nan take aka tura Doula gefe, Courbis ya karɓi zaɓen 'yan wasa. Tunisiya ta ci 2 da 1, Maroko ta ci 1 da nema, aka dawo gida ba maki ko ɗaya, da ƙwallo guda tak wadda William N'Gounou ya ci. Mutumin da Afirka ta yaba wa a Disamba, minti casa'in suka ishe mu mu yanke masa hukunci a Janairu. Na ce "mu" da gangan. Shugabanni ne suka sa hannu, amma maganar da ake yi a fada da tasha da gidan kallo a wancan mako ba ta bambanta da tasu ba: ɗan gida ya kawo mu bakin kogi, ƙetarewa sai Bature.

Kada a ce na yi son kai. Bajamushe Gernot Rohr ya sake kai Mena gasar 2013 bayan an fitar da Gini, kuma a can aka sami makin farko, canjaras da Kwango ta Kinshasa. Maazou ma, wanda ƙwallayensa suka buɗe ƙofar, daga Turai yake zuwa. Sai dai labarinsa ma darasi ne a kan hukuncin magoya baya. Daga AS FAN ya tafi Lokeren ta Beljiyam a 2008, CSKA Mosko ta saye shi a 2009, daga nan aka yi ta ba da shi aro. A watannin da ya ci Masar yana zaman aro a Bordeaux ta Faransa, inda ƙwallo ta ƙi shigar masa, magoya bayan ƙungiyar suka juya masa baya. Mutum ɗaya, ƙafa ɗaya, wata ɗaya: a Yamai ana ɗaukarsa a kafaɗa, a Bordeaux ana neman kai da shi.

Maƙwabtanmu na kudu sun sha irin wannan gardama a gasar 2013 ɗin. Marigayi Stephen Keshi ya bar manyan sunaye irin su Peter Odemwingie da Obafemi Martins, ya ɗauki 'yan wasa shida daga gasar cikin gida, har da Reuben Gabriel na Kano Pillars. An yi masa ca. Cikin shidan nan akwai Sunday Mba, wanda kafin nan ko a gidajen kallonmu ba a san sunansa ba. Shi ya ci ƙwallon da ta fitar da Kodibuwa ta su Drogba da Yaya Toure, shi kuma ya ci ƙwallo ɗaya tilo a wasan ƙarshe da Burkina Faso ranar 10 ga Fabrairu 2013. Nijeriya ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1994. Haka Ahmed Musa, wanda ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya a Kano Pillars kafin ya fita waje. Leicester ta saye shi da tsada a 2016, ya ci ƙwallo 2 kacal a gasar Firimiya, aka ce ruwa ya ƙare wa ɗan kada. A Yunin 2018 ya zuba wa Iceland biyu a gasar kofin duniya.

Wannan ciwo bai tsaya kan Bahaushe ko ɗan Afirka ba. A Amurka, a irin tasu ƙwallon da ake runguma a ruga da ita, tun 1936 suka mayar da ranar sunaye biki. Kowace shekara ƙungiyoyi na zaɓen sabbin 'yan wasa daga jami'o'i bi da bi, wadda ta zo ta ƙarshe a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓe don a rage tazara. Magoya baya na cika zaure suna tafi ko ihu. A 1999 mutanen Philadelphia suka yi wa Donovan McNabb ihu ana kiran sunansa, shi ne kuma ya kai su wasan ƙarshe na gasar a farkon 2005. A 2000 sai da aka ɗauki mutum 198 kafin a waiwayi Tom Brady, wanda daga baya ya ɗauki kofin sau 7. Su da ke da kwamfuta da likitoci da masu bibiyar yara tun suna sakandare ke nan.

Me ya sa ba ma irin wannan rikici a kokowa? Tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975, wadda Yakuba Kantu na Maraɗi ya lashe, zaɓen 'yan kokowa a fili ake yinsa. Daga ƙaramar hukuma zuwa gunduma zuwa jiha, wanda ya kayar ya wuce, har a tace goman da za su wakilci jiha. Kowa ya ga bayan wa ya taɓa ƙasa. Tamaula ba haka take ba. Mutum goma sha ɗaya ne, kuma akwai yaron da aikinsa tare hanya ne da ba da ƙwallo, ba zai taɓa fitowa a guntun bidiyon da ake turawa ta WhatsApp ba. Mai horarwa ya gan shi a atisaye wata da watanni, mu ko sau ɗaya ba mu gan shi ba. Duk malamin da ya taɓa zaɓen yara goma sha ɗaya don wasan makarantu ya san wannan: uba zai zo ya ce ɗansa ya fi kowa iya yanka, kuma gaskiya ne, sai dai ba ya ba kowa ƙwallo.

Akwai inda ƙorafin magoya baya yake da tushe, kuma bai kamata a share shi ba. Manyan ƙungiyoyin ƙasar nan, na sojoji da jandarmomi da 'yan sanda da kwastan, a Yamai suke. Yaron da ya yi fice a gasar babban hutu ta TGV a Gangara, sai wani ya kai shi Maraɗi, daga Maraɗi sai an gan shi a Yamai, tafiyar da ta haura kilomita 600. A kowane mataki ana zubar da yara, ba don sun kasa ba, don babu wanda ya zo kallo. Idan mutumin ƙauye ya ji jerin sunaye ya ce babu namu a ciki, ba hassada ce kawai ke magana ba. Inda nake rabuwa da shi shi ne idan ya juya ya ce duk wanda ba ya wasa a Turai ba ɗan wasa ba ne. Yaro na ji. Shi ya sa za ka ga ɗan aji shida ya bar lakwal yana jiran wani dillali da ya yi masa alkawarin biza, uba ya sayar da gona ko shanun huɗa, a ƙarshe ba bizar ba gonar.

A Janairun 2023 Harouna Doula ya sake ɗaukar yaran gida ya tafi CHAN a Aljeriya. Suka yi canjaras da Kwango ta Brazzaville, suka ci Kamaru 1 da nema, suka fitar da Ghana da ci 2 da nema, Nijar ta kai wasan daf da na ƙarshe, matakin da ba ta taɓa kaiwa ba. A Oran Aljeriya ta ci 5 da nema. A daren nan na ji mutanen da kwana uku baya suke rantsuwa da yaran suna cewa dama ba su cancanta ba.

Yanzu kuma an shiga wani sabon yanayi. Filin Seyni Kountché, inda aka kayar da Masar, ya daina cika sharuɗɗan hukumar ƙwallon Afirka, don haka Mena ta koma buga wasanninta na gida a ƙasashen wasu. A Nuwamban 2024, ƙarƙashin Badou Zaki ɗan Maroko, ta ci Sudan 4 da nema a Lome, ta bi Ghana har Accra ta ci ta 2 da 1, maki ɗaya ya hana ta zuwa gasar Maroko. Yaran da ke ajina sun san sakamakon, sun san sunayen, suna da ra'ayi a kan wanda ya kamata a kira da wanda ya kamata a kora. Da na tambayi wanda ya taɓa ganin ɗan wasan Mena ido da ido, ko a Maraɗi ko a Yamai, babu hannun da ya tashi.