Jinyar Sassauci a Malanville

Jinyar sassauci ita ce kulawar da ake yi wa mai ciwon da likita ya fid da ran warkewarsa, kamar sankarar da ta yi nisa ko ciwon ƙoda da ya kai matakin ƙarshe. Manufarta rage raɗaɗi da kwantar wa majinyaci da iyalinsa hankali. Cicely Saunders ce ta kafa ta a tsarin zamani a Landan a 1967. A 1993 Dakta Anne Merriman ta buɗe Hospice Africa a Uganda, inda aka yaɗa amfani da ruwan mofin na sha, mai araha, wanda majinyaci zai iya sha a gida.

Malanville na jihar Alibori a arewacin Benin, a bakin Kogin Kwara, daura da Gaya ta Nijar. Akwai asibitin yanki a garin, amma babban asibitin koyarwa na Parakou ya kai nisan kusan kilomita 300. Irin wannan tafiya ga marar lafiyar da ya galabaita azaba ce, kuma takan cinye jarin gida. Saboda haka yawancin jinya a ɗaki ake yinta, a hannun mata da 'ya'ya, tare da dubiyar maƙwabta da addu'ar malamai. Wannan gata ne babba, sai dai ba ya maye gurbin maganin ciwo mai ƙarfi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 14 cikin 100 kacal na masu buƙatar jinyar sassauci a duniya ke samunta.