Fitilar Taya Da Ke Kamawa Bayan Ka Canza Wili: Daga Ina Ta Samo Asali?

Yau tarihi za mu taɓo, amma tarihin da ke gaban sitiyarinka.

Idan motarka 'yar Amurka ce, irin su Camry ko Corolla ƙirar 2008 zuwa sama, to ka san wata 'yar fitila ruwan ɗorawa mai kama da kofaton doki da alamar motsin rai a tsakiya. Sau da yawa takan kama ne ranar da ka cire wilin da motar ta zo da shi ka sa na gayu. Sai ka ji an ce maka: "Rabu da ita Alhaji, ba ta hana tafiya." Wani ma baƙin salatif yake liƙa mata. To kafin ka liƙe taka, ji yadda aka yi ta shigo mota.

Sunan tsarin TPMS, wato na'urar lura da iskar taya. Motar hawa ta farko da aka sa wa shi ita ce Porsche 959 ta ƙasar Jamus a 1986, kuma a lokacin kayan masu kuɗi ne kawai. Abin da ya mayar da shi dole asarar rayuka ce.

A ƙarshen shekarun 1990, tayoyin Firestone da ke kan jif ɗin Ford Explorer suka riƙa ɓarewa ana cikin gudu, mota ta wuntsila. Abin ya fi yawa a wurare masu zafi: Saudiyya, Benezuwela da kudancin Amurka. Tun 1999 Ford ya fara canza wa mutane tayoyin a Saudiyya. A watan Agustan 2000 aka janye taya miliyan 6.5 a Amurka, kuma hukumar kiyaye haɗurra ta can ta danganta mutuwar mutum 271 da wannan matsala. Cikin abubuwan da aka yi ta jayayya a kai har da yawan iska: Ford ya ce a sa 26, Firestone ya ce 30 ya kamata. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwashewa fiye da kima, ta ɗau zafi, ga kwalta da zafi, ga lodi, sai ta fashe.

Ranar 1 ga Nuwamban 2000 shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar TREAD. Daga Satumban 2007, duk ƙaramar motar da za a sayar sabuwa a Amurka sai tana gargaɗin direba idan iskar taya ta ragu da kashi 25 cikin 100. Tarayyar Turai ta bi sahu, ta tilasta shi kan duk sabbin motocin hawa daga Nuwamban 2014. Waɗannan motocin ne suka tsufa can, aka lodo su a jirgin ruwa zuwa Legas da Kwatano, suka iso Gusau, har suka shigo Ƙaura.

Ƙauran Namoda ta daɗe da sanin sufuri, don a nan layin dogon da ya taso daga Zariya ya tsaya tun 1929. Yau kuwa komai ya koma kan taya. Daga Ƙaura hanya ɗaya ta miƙe Shinkafi, ɗaya ta bi Zurmi zuwa Jibiya da Katsina. Kai ma ka san halin tsaron waɗannan hanyoyi: ba wanda ke so ya tsaya canza taya a dokar daji da yamma. Fitilar da za ta gaya maka tun kana cikin gari cewa taya na tsiyaya, ai ba abin liƙewa ba ce.

To me ya sa take kamawa bayan canza wili? Tsarin iri biyu ne. Na farko, akwai ɗan sansa mai batir a cikin kowace taya, haɗe da bawul ɗin da ake sa iska, yana aika saƙo ga kwamfutar mota. Idan ka canza wili, sansan ya tafi da tsohon wilin kenan, ko ya karye lokacin da ake ɓamɓare tayar da ƙarfe. Na biyu ba shi da sansa a taya, yana lissafi ne da saurin juyawar ƙafafu ta hanyar ABS, kamar a Honda Accord ƙirar 2013 zuwa sama. Wannan saiti kawai za ka sake masa, ta maɓalli ko ta allon mota.

Ga yadda za ka bambance: in fitilar ta kama ta tsaya cak, iska ce ta ragu. In ta yi ta ƙyaftawa kamar minti ɗaya sannan ta tsaya, motar ce ba ta jin sansan.

Abin yi kuwa:

1. Kafin mai faci ya taɓa tayar, gaya masa akwai sansa a gindin bawul, kada ya sa ƙarfe ta wajen.

2. A ciro sansan daga tsohon wili a mayar kan sabo, a canza robar da ke toshe iska. Kada ka sayar da tsohon wili da sansa a ciki.

3. Idan sabo za ka saya, duba zangonsa. Yawancin motocin Amurka na wancan zamani 315 MHz suke amfani da shi, na Turai 433 MHz. Ba sa jin yaren juna.

4. Toyota sai an yi wa sabon sansa rajista da kwamfutar gwajin mota. Ka tambayi mai waya ko yana da ita kafin ka biya.

5. Batirin sansa shekara 5 zuwa 10 yake yi, kuma a liƙe yake, ba a canza shi. Motar 2008 da ba a taɓa canza mata ba, nata ya riga ya mutu.

6. Yawan iskar da ya dace yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba. Lambar da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce. Ka gwada da safe kafin taya ta ɗau zafi, musamman da hunturu, don sanyi na rage awon iska.

Idan motarka ba ta da tsarin gaba ɗaya, kamar Golf ɗin haya, akwai ƙananan sansa da ake murɗawa a bakin bawul, suna nuna iskar kowace taya a wayarka ta Bluetooth. In ba hali, ɗan gejin hannu ma ya wadatar, muddin za ka riƙa dubawa kafin ka bar gari.

Ka tura wa direban da ka san ya liƙe tasa. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara.